Sauya rufin gidanmu na Agege: abin da aka yi da abin da aka kashe

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Gidan ɗaki huɗu ne, biyu suna kallon biyu da lungu a tsakiya, irin ginin da ya cika Agege. Tsawonsa ƙafa 40, faɗinsa ƙafa 28. Marigayi mahaifinmu ya gina shi da kuɗin goro, kuma kwanon da ya rufa tun farko shi ne har yau a kai, sai faci a kan faci. Daminar da ta wuce ta nuna mana cewa facin ya ƙare. Ɗakin Inna yana yoyo ta wuri uku, silin ɗin ɗakin mai haya ya yi ciki, bangon baya kuma ya yi baƙi da danshi.

Ɗan kwangilar da ya zo ya duba ya yanka mana N3,200,000. Abin da ke hannu N1,500,000 ne: N600,000 ajiyata, N500,000 kwasar adashi, N250,000 daga ƙanena, N150,000 kuma yayarmu ta turo daga Kano. Don haka da hannunmu za mu yi. Na yi kafinta a ƙuruciya kafin in koma shagon hatsi, kuma maigidana na wancan lokaci, wanda duk unguwa ke kira Baba kafinta, yana nan da ransa. Ba ya iya hawa sama yanzu, amma ya yarda ya zauna a ƙasa ya riƙa nuna mana, mu biya shi kuɗin yini.

Lokaci kaɗan ne. Ana sa ran azumi farkon Maris, kuma a Legas ruwan farko, mai zuwa da iska, ba ya jiran Afrilu. Dole kwano ya hau kafin ƙarshen Fabrairu.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na shiga cikin silin da tocila da sukudireba, ina caka kowane katako ina faɗa wa Baba abin da na gani. Kusan rabin raftocin, wato katakan da ke gangarowa daga tsakiyar rufi zuwa kan bango, suna da sauran rai, tsohon katako ne mai nauyi wanda ba a samun irinsa da araha yanzu. Ƙananan katakan da kwano ke kwance a kansu kuwa duk sun tafi, ƙusa ta yi tsatsa ta ruɓar da inda ta shiga.

Baba ya sa na auna tsayin tsakiyar rufin daga kan bango. Ƙafa 4 ne kacal, a gidan da rabin faɗinsa ya kai ƙafa 14. Ya girgiza kai ya ce, “Ɗan nan, rufin Arewa aka yi wa gidan nan. Ruwan Ikko ba ya son rufi kwance.” Gaskiyarsa. Ruwan da ke sauka a Legas ya fi na Kano nesa ba kusa ba, kuma idan gangara ta yi kaɗan, iska na tura ruwan ya koma baya ta mahaɗar kwano ya shiga ɗaki ko da babu huji ko ɗaya. Za mu ɗaga tsakiyar zuwa ƙafa 6. Wannan zai ja ƙarin bulo a bangon gaba da na baya.

Mun daɗe a kan maganar kwano. Gajeren kwano na bandir ya fi araha, bandir bakwai ko takwas za su rufe gidan. Amma iskar garin nan mai laima ce, da gishirin teku a cikinta, kuma siririn kwanon da ake sayarwa yau ba ya daɗewa yake fara ja. Ga mahaɗa uku a kowace gangara, kowace mahaɗa ƙofar yoyo ce. Mai duwatsu a jiki da ake yayi a sababbin gidaje ba namu ba ne, ko tambayar kuɗinsa ban yi ba. Na tsaya a kan dogon alminiyam mai kaurin milimita 0.45, wanda ake yankawa daidai tsawon gangara, daga tozo har baki babu haɗi. Mai 0.55 ya fi, amma bambancin kuɗin zai cinye kuɗin katako, ni kuwa na gwammace in rage a kwano da in rage a abin da ke riƙe da kwanon. Baba ya ce idan siriri za mu sa, to a matso da katakan ƙarƙashinsa, ƙafa bibbiyu maimakon uku-uku.

Tunda mutane na cikin gidan, kashi biyu za mu raba aikin: ɗakuna biyu na baya tukuna, sannan na gaba.

Alhamis, 9 ga Janairu

Kasuwar katako ta Amu, a Mushin. Na bi jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara jigila a watan Oktoba, daga tashar Agege zuwa ta Mushin, ya raba ni da cunkoson Oshodi. Ranar Alhamis kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe goma saboda shara, sai na yi amfani da jiran na zaga ina kallon kaya.

Wanda bai san katako ba, a ido duk ɗaya ne. Obeche fari ne marar nauyi, ƙusa na shiga cikinsa ba gardama, amma ƙwaro na son sa, ba na rufi ba ne. Iroko da opepe su ne na gaske, kuɗinsu kuma na gaske ne. Na ɗauki opepe kaɗan don wanda zai kwanta a kan bango, sauran na haɗa da jan katako mai matsakaicin kuɗi. Ɗaya bayan ɗaya na zaɓa. Nakan ɗaga kowanne in sa ido ta tsawonsa in ga ko ya karkace, in duba ko akwai tsaga ko ɓawo a gefe. Ɗanye kuma na ajiye shi gefe, domin idan ya bushe a sama zai murɗe ya ja ƙusa. Yaron shagon ya gaji da ni, maigidansa kuwa dariya ya yi ya ce, “Alhaji, kai kafinta ne.” A riƙa zuwa da tef: abin da ake kira tu-bai-fo sau da yawa bai cika inci biyu da huɗu ba.

Tu-bai-tiri guda 65 a N1,400, N91,000 ke nan. Tu-bai-fo guda 40 a N2,200, N88,000. Tu-bai-sikis guda 12 a N4,000, N48,000. Mota zuwa gida N15,000. Ƙusoshi masu inci uku da huɗu da biyar, da langa-langar ɗauri, N45,000. Tamfol biyu N36,000.

Asabar da Lahadi, 11 da 12 ga Janairu

Shafa maganin gara. Gwangwani ɗaya na magani, muka haɗa da baƙin mai daga garejin maƙwabta, duka N28,000. Kowane katako fuska huɗu, bakinsa kuma a tsoma shi a bokiti, don ta nan ruwa da ƙwaro ke shiga. Mun jera su a kan bulo a tsakar gida, da tazara a tsakani don iska ta ratsa. Warin ya hana yara wasa a wurin, kuma hakan ya yi mini daidai.

Asabar, 18 ga Janairu

Jiya aka kwashe kayan ɗakunan baya. Inna ta koma ɗakin uwargida, ni da yara maza muna kwana a lungu, mai haya kuma ya tafi wurin ɗan'uwansa a Dopemu. Mai gyaran wuta ya zo ya cire fis ya naɗe wayoyin da ke cikin silin. Wayar da ta shigo daga falwaya a jikin katakon gaba take, ita sai mun zo kashi na biyu.

Da hantsi muka fara yaye kwano, ni da ƙanena a sama, yara biyu a ƙasa suna karɓa. Tsohon kwano yana da kaifi kamar aska, safar hannu dole ce. Kafin azahar mun gama, rana ta haska cikin rufin a karon farko tun gina gidan, sai ga abin da tocila ba ta nuna mini ba. Katakon da ke kwance a kan bangon gefe na ɗakunan baya, wanda duk raftoci ke zaune a kansa, gara ta cinye cikinsa ta bar fata. Daga waje lafiya lau. Na ɗora guduma a hankali, ta nutse, ƙasa ja ta zubo. Muka bi hanyar garar, ta fito ne daga tsagar bango a kusurwar da ke kusa da makewayi, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa. Katakai huɗu na kwance, waɗanda ke ratsa faɗin gidan, su ma bakinsu ya tafi.

Abu na biyu ya fi tayar mini da hankali. Babu abin da ya ɗaure rufin da ginin. An ɗora katako a kan bulo an buga ƙusa, shi ke nan, babu kankare, babu ƙarfe. Nauyinsa kawai ya riƙe shi shekara da shekaru. Alminiyam kuwa bai kai tsohon kwanon nauyi ba, ga shi za mu ƙara tsayi, iska za ta fi samun abin kamawa. Duk wanda ya zauna a Legas ya ga rufin da iskar farkon damina ta ɗauke ɗungurungum ta kifa a gidan maƙwabci, kwano da katako a haɗe. Irin wannan rufin ba kwanonsa ne ya gaza ba, ɗaurinsa ne babu.

Baba ya ce a fasa saman bulo duk bayan ƙafa 4, a saka rodi mai lanƙwasa a ramin, a cika da kankare, idan ya kama a lanƙwaso rodin a kan katako. Kowace rafta kuma a naɗe ta da langa-langa a haɗa da na bangon. Wannan bai shiga lissafina ba, amma ba abin da za a tsallake ba ne. Inna ta leƙo ta ga katakon da gara ta ci, ta yi salati ta ce, “Ashe a ƙarƙashin wannan nake kwana.” Mun ja tamfol muka danne da bulo kafin magariba.

Silin ɗin na asbestos ne irin na da. Ƙurarsa tana illa ga huhu idan aka fasa shi, don haka ba mu taɓa masu lafiya ba. Guda biyar da suka riga suka karye mun jiƙa su da ruwa, muka sa takunkumi, muka ɗaure su a buhu.

Litinin, 20 ga Janairu

Na koma Amu. Kuɗi ya ɗan motsa a kwana goma: tu-bai-sikis guda 10 a N4,300, tu-bai-fo guda 14 a N2,300, jimla N75,200. Wani abokin kasuwa da ya kai kaya Mushin ya ɗauko mini kyauta, Allah ya saka masa. Rodi da tsakuwa da ƙarin maganin gara na zubawa a gindin bango, N40,000.

Laraba, 22 ga Janairu

Birkila ya zo. Bulo mai inci shida guda 90 a N600, siminti buhu 5 a N9,700, yashi N20,000, kuɗin aikinsa na gaba da baya N30,000. Duka N152,500. Ya ɗaga bangon baya, ya zuba kankaren rodi, ya toshe tsagar kusurwa bayan mun ɗura mata magani. Na roƙe shi ya bar ƙananan tagogin iska biyu a saman bangon, da raga, don zafi ya riƙa fita daga cikin silin. Safe da yamma ana yayyafa wa kankaren ruwa.

Asabar, 25 ga Janairu

Muna tsakar haɗa katako a ƙasa sai ga samari shida a kan babura. Omo onile, masu cewa su ne 'ya'yan masu ƙasa. Babbansu ya ce kuɗin rufi N200,000, in ba haka ba kada a sake buga ƙusa ko ɗaya. Wani ya ɗauke zarto ya riƙe. Ƙanena ya taso da zafi, na ce masa, “Ƙyale su, shiga ciki.” Ya ce, “Yaya, gidan ubanmu ne fa.” Na san haka, amma faɗa da su shi suke nema, kuma ko ba komai akwai mata da yara a gidan.

Na aika yaro ya kira maƙwabcinmu, dattijon Bayarabe wanda ke shugabantar ƙungiyar masu gidaje ta layin, na kuma kira wani kawunmu da ke zama a fadar Sarkin Hausawa. Na fito da takardar sayen fili ta mahaifinmu, wadda ta girmi duk wanda ke cikinsu. Dattijon ya yi musu magana da harshensu, a tsaye, ba tare da ɗaga murya ba. Ya tuna musu cewa tun 2016, zamanin gwamna Ambode, jihar Legas ta yi dokar kare kadarori wadda ta haramta karɓar irin wannan kuɗi a wurin mai gini, kuma wannan ma ba sabon gini ba ne, gyara ne. Ya ce idan suna da magana su zo taron ƙungiya. Suka yi ta ƙunƙuni, aka ajiye zarto, suka tafi. Ko kwabo ban ba su ba, kuma ban ga dalilin bayarwa ba: wanda ya ba da na rufi, gobe za a zo karɓar na fenti.

Abin da ya cece mu shi ne zaman lafiya da maƙwabta. Tun kafin mu fara na bi gida-gida na sanar da su za a yi ƙara da ƙura. Yinin dai ya tafi, ba mu yi rabin abin da muka shirya ba.

Lahadi, 26 ga Janairu

Gayya. Bayan sallar asuba na yi magana a masallaci, mutum tara suka zo, har da ladan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙasa muka haɗa kowane ƙwarangwal, wato raftoci biyu da katakon kwance haɗe kusurwa uku, bisa ma'aunin na farko, wanda Baba ya zana da alli a kan simintin tsakar gida, don duk su fito kai ɗaya. Aka ɗaga shida da igiya, tazarar ƙafa 4, aka ja zare daga tozon farko zuwa na ƙarshe. Ɗaya ya leƙo sama da inci guda, Baba ya hango daga kujerarsa ya ce a sauke a gyara, kuma aka sauke. Duk inda aka haɗa katako biyu na kwance, a kan bangon lungu haɗin ya faɗa, ba a kan sarari ba. Uwargida ta yi shinkafa da wake da mai da yaji, aka ci aka yi addu'a.

Laraba, 29 ga Janairu

Katakan ƙarƙashin kwano sun hau, layi tara kowane gefe. Sai yanzu na auna gangara a jikin aikin kansa: mita 5.3 har da ƙafa biyun da za su leƙo waje. Falle 13 kowane gefe, 26 ke nan, kusan mita 138. Na ba wani dillali oda a N6,000 kowace mita, na biya rabi, N414,000.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An kawo kwano da safe, launin ruwan ƙasa, yana sheƙi. Da muka ɗaga fallen farko ni da ƙanena sai ya lanƙwashe a tsakiya da sauƙin da bai kwanta mini ba. Na danna da babban yatsa, wurin ya loɓa. Na hana a ci gaba da saukewa, na je garejin maƙwabta na aro ɗan ma'aunin kauri mai murɗawa da makanikai ke amfani da shi. Mun auna falle biyar a wurare daban-daban: 0.35, 0.36, 0.35. Har da fentin da ke jiki a wannan awon. A rasit kuwa 0.45 aka rubuta.

Na kira dillalin. Da farko ya ce ma'aunin ne ba daidai ba. Daga baya ya ce ai haka kowa ke sayarwa, abin da ake kira 0.45 a kasuwa ke nan. Ya ce zai rage mini N300 a mita in riƙe. Na ƙi. Ba don taurin kai ba: na riga na sauko daga 0.55 saboda kuɗi, na matso da katako don in rufe wannan giɓin, babu sauran inda zan sake saukowa. Kwano mai wannan sirantaka ƙusa ce za ta yaga shi ranar da iska ta taso, kuma ko tsani aka jingina sai ya bar tabo. Direba ya zauna a gindin mangwaro har la'asar ana ta waya. Da kawu ya sa baki, aka sasanta a kan a mayar da kaya, a dawo mini da kuɗina, a cire N20,000 na mota. Ban ji daɗin asarar ba, amma na karɓa.

Duk mai sayen dogon kwano, ya sa a rubuta kaurin a rasit, ya je da ma'auni, kuma ya auna kafin a sauke daga mota. Bayan an buga ƙusa babu mai sauraronka.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Kuɗin ya dawo jiya da yamma. Daren jiya kuma aka yi ruwa, wajen ƙarfe biyu, da iska a gabansa. Bai kai awa ɗaya ba, amma ya ishe mu. Tamfol ɗin gefen yamma ya tara ruwa tsakanin katakai ya yi jaka, iska ta fizge bakinsa daga ƙarƙashin bulo, ruwan ya juye gaba ɗaya a kan silin ɗin ɗakin Inna. Mun fito da tocila ni da ƙanena, amma ban yarda kowa ya hau ba, katako jiƙaƙƙe cikin duhu ba wurin hawa ba ne. Daga ƙasa muka riƙa tokare jakar ruwan da gora tana zubewa waje, muka ɗaure bakin tamfol da igiya a jikin tagogi.

Da gari ya waye, silin uku sun faɗo, fentin bango ya kumbura, katifar da aka jingine a lungu ta sha ruwa. Alhamdu lillahi kayan ɗakin ba sa ciki. Katakon rufi bai yi komai ba, mai da magani sun hana ruwa kama shi. Yau mun sake ɗaura tamfol, wannan karon da siraran katakai aka danne shi aka buga ƙusa, a miƙe sosai yadda ruwa ba zai sami wurin zama ba. Da kwanon kirki aka kawo ranar Asabar, da ruwan nan a kan rufi zai sauka.

Da rana na je masana'antar da ake murza kwanon da kaina. A gabana aka auna naɗin alminiyam ɗin, 0.45 cif, a gabana injin ya yanka. N6,400 kowace mita, N882,000. Hular tozo da na gefe N55,000, ƙusar alminiyam mai roba a wuya N30,000, mota N25,000.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kwano ya fara hawa. Sai da muka jira raɓa ta bushe, don alminiyam mai laima santsi gare shi. Daga ƙarshen baya muka faro, saboda iskar damina ta fi zuwa daga wajen teku, gaban gidan ke nan, kuma ana so bakin kowace mahaɗa ya ba iska baya. Fallen farko shi ne aikin: mun ja zare a bakin rufi, muka yi ta gyara shi har ya zauna daidai, domin idan ya karkace da rabin inci, kafin a kai na bakwai ya zama tafin hannu.

Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. A buga har robar ta zauna, a tsaya. Idan aka ƙara guduma ɗaya tudun ya loɓa, ruwa ya sami wurin taruwa. Kuma ba a haɗa alminiyam da ƙusar ƙarfe ta gama-gari, wurin yakan ci ya faɗaɗa. A baki da tozo da gefuna kowane tudu ya sami ƙusa, a tsakiya ana tsallake ɗaya. Taku kuma sai a kan layin ƙusa, inda katako yake a ƙasa, da takalmin roba, da igiya a ƙugu ɗaure a tozo. Tsakanin sha biyu da uku ba a iya zama a sama, hasken kwanon kaɗai ya isa ya kashe ido.

Falle bakwai kowane gefe, ɗakunan baya sun rufu.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Hular tozo ta baya. Wajen yanke ta bakin kwano ya tsaga wa ƙanena tafin hannu, ya cire safar ne don ya riƙe almakashi da kyau. Ɗinki huɗu da allurar tetanus, N12,000. Zai huta mako guda. Inna ta koma ɗakinta da daddare duk da ramin silin, ta ce ta gaji da zaman baƙunta.

Asabar da Lahadi, 15 da 16 ga Fabrairu

Kashi na biyu. An cire wayar falwaya aka ɗaure ta a sanda na wucin gadi, kwana biyu babu wuta. Gaban gidan ya zo da sauƙi, gara ba ta kai nan ba, raftoci da yawa sun koma bayan an kankare su an shafa magani. Birkila ya ɗaga bangon gaba ya zuba rodi. Ɗan ladan ya maye gurbin ƙanena a sama.

'Yan gwangwan sun zo da kura suka auna tsohon kwano da ƙusoshi, N85,000. Yaranmu ne 'yan Arewa, amma sai da na tsaya a kan sikelin. Na ware falle goma masu dama-dama don rumfar girki.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ƙwarangwal biyar na gaba sun hau ranar Laraba, bayan kankare ya kama. Yau falle 12 na ƙarshe da sauran hular tozo. Inda kwano ya haɗu da bangon gaba mun sa leda mai kauri a tsakani, don ɗanyen siminti yana cin alminiyam. Bayan la'asar ƙanena ya hau tsani da tiyo ya yi ta feshi ta kowace kusurwa, ni ina cikin silin da tocila. Wuri ɗaya ya ɗiga, ƙusar da ta kauce wa katako. Na zare ta, na toshe hujin da gam ɗin rufi da ɗan facin alminiyam, na buga wata a inda ya dace. Baba ya sa aka riƙe masa tsani ya hau mataki uku, ya duba layin baki, ya ce, “To, madalla.”

Laraba, 26 ga Fabrairu

Lissafi. Katako duka biyu da motarsa N317,200. Magani da ƙusa da langa-langa da tamfol N109,000. Aikin bulo da rodi N192,500. Kwano da hula da ƙusarsa da mota N992,000. Asarar wancan dillali N20,000. Baba kafinta N70,000, kuma da ƙyar ya karɓa. Asibiti N12,000, abincin masu taimako N30,000. Jimla N1,742,700. A cire N85,000 na gwangwan, saura N1,657,700. Mun haura abin da muka tanada da N157,700. Mai haya ya yarda ya ba da N160,000 daga kuɗin hayar da zai biya a watan Yuni, muka rubuta a takarda da shaidu biyu.

Abin da ya rage: katakon bakin rufi, indararo, da silin. Indararo ne na farko, domin yanzu ruwa zai riƙa sauka da ƙarfi a gindin bangon ɗakunan baya, wurin da gara ta samu hanya tun farko. Kafin a samu kuɗinsa zan haƙa ɗan lambatu in zuba tsakuwa ya kai ruwan kwata. Ramukan silin takwas za mu toshe da falankin da ya rage. Sabon silin sai bayan sallah, kuma na fi karkata ga na roba, ɗaki ɗaya-ɗaya, a fara da na Inna. Tamfol biyun na wanke na naɗe, dattijon maƙwabcinmu ya ce zai saya ɗaya, shi ma bayan gidansa na yoyo.